Sun Ƙone Fasinjojinka, Baba

Zuwa ga mahaifina, marigayi Baba Yohanna,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan kana hutawa lafiya. Bayan haka, labarin da na kawo maka ba mai daɗi ba ne. Ranar Asabar abin ya faru.

Ka tuna ƙaramar tashar jirgin ƙasan da ka gina a kan tebur a ɗakin baya, a gidanmu na Kakuri, bayan an rufe masaƙa an sallame ku? Layin dogon da ƙarafan tsohuwar lema ka yi shi, ka jera tsinken ashana a ƙarƙashi. Ciyawar garin katako ne da ka rina kore. Yashin ma sai da ka tankaɗe shi da rariyar Mama, ta wuni tana faɗa.

Fasinjojin kuwa na yumɓu ne, ba wanda ya wuce ɗan yatsa, kowanne da kamannin wani namu. Kakan auna su ka sake aunawa kana cewa, "In mutum ya fi ƙofar tarago tsayi, ƙarya ka gina." Su aka ƙone.

Babban ɗanka Bulus ne ya ɗauko wani mai kiran kansa annabi daga Sabon Tasha, wai a yi wa gida addu'a. Mutumin ya shigo da farin kwat da kwalbar man zaitun, ya zagaya teburin yana toshe hanci, ya ce wannan ba wasa ba ne, ɗaure mutane ka yi. Wai Bulus ya rasa aiki ne domin ka zaunar da siffarsa a benci, jirgi na ta wucewa ba ya ɗaukarsa.

Ƙanwarka Gwaggo Talatu ce ta fi ba ni ƙyama. Ita da take jawo baƙi har ɗakin tana cewa, "Ku zo ku gan ni da kwandon ayabata!" Da annabin ya fizge siffarta daga katakon, ya nuna 'yar wayar da ka soka a ƙafar don ta tsaya, sai ta zube ƙasa tana ihu, wai ga asalin ciwon gwiwarta. Gwiwar da ke damunta tun kafin a haife ni!

Suka tara fasinjojin a kaskon gawayi a tsakar gida, suka zuba kananzir, suka cinna wuta, suna tafi suna waƙa. Na yi magana, aka ce ruhun ne ke magana ta bakina. Mutanen da suka ci shinkafar jana'izarka har da ƙari, yau su ne ke rage murya in za su ambaci sunanka. Tir!

Baba, ni na san abin da ka ɗaure a teburin nan: hankalinka, a shekarun da abokan aikinka suka ƙare a gidan burkutu. Na san yadda hannunka ke rawa a ƙarshe, amma ka ƙi barin fentin.

Teburin na ɗakina a Kamazou yanzu. Sai da na fitar da gado kafin ya shiga. An yi taron gida, an ce muddin yana wurina kada in sake taka ƙofarsu. Na ji.

Na sayo yumɓu. Hannuna bai kai naka ba, mai sayar da rake da na fara ya fito kamar doya, amma zan mayar da kowa wurinsa. Bulus ya aiko yana gargaɗina kada in kuskura in ƙera shi. Ya kwantar da hankalinsa. Babu shi a tasharka.

Allah ya ba ka hutawa ta har abada, ya wanke sunanka a bakin 'ya'yanka. Ni kuma ya sanyaya mini zuciya, domin har yanzu ban iya yafewa ba.

'Yarka da ba ta jin kunyar sunanka,
Rahila