Kaftanina Yana Hannunsu

Daren Laraba, Abakpa

Tun da mutanen baƙar mota suka ɗauke Isiya mai wanki, wai yana yi wa 'yan ta'adda wanki, ba mai ambaton sunansa a majalisarmu. Ni kuwa ranar nan nake ta cika baki, duk wanda aka zarga a kwashe kawai, kotu ɓata lokaci ce. Lauyan benci da takardar firamare!

Yau Maman Ummi ta ce min har ƙullin wankin suka tafi da shi. Kaftanina yana ciki. Shi kuwa Isiya, don kada kaya su cakuɗe, sunan mai riga yake rubutawa a wuya.

Ummi ta ce, "Baba, yau ba ka ba mu dariya ba."

Wata mota ta tsaya a layinmu. Har yanzu ba a kashe injin ba.