Na Kasa Gaya wa Malamina Za Mu Kafa Tamu Ƙungiyar

Anti, don Allah ki taimake ni, abin nan ya tsaya mini a rai. Ni mai binciken tsuntsayen fadama ce. Malamin da ya koya mini aikin, muna ce masa Baba, shi ya shigar da ni babbar ƙungiyar masana ta duniya. Shekararsa talatin a cikinta, takardar shaidarsa tana rataye a falo kusa da hoton marigayiya matarsa.

Bara na aika wa mujallarsu bincikena kan wata fadama da ake cikewa da ƙasa. Suka ce aikin ya yi kyau, amma matsalar yanki ce kawai. Kafin in sami inda za a buga, an gina gidaje a rabinta. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Shi ne mu goma sha biyu, masu irin wannan bincike a nan gida, muka ce mu kafa tamu ƙungiyar, ni aka ba rubuta tsarinta.

Wata biyu ke nan takardar tana jakata. Duk Asabar nakan je in karanta masa ƙidayar tsuntsaye ta mako, don idonsa ya yi rauni, shi kuma ya sa in ɗauko tsofaffin littattafansa na ƙidaya mu kwatanta. In na zo faɗa sai bakina ya yi nauyi. Tsorona kada ya ce mun raina gidan da ya raine mu. Ina son tsohon nan kamar mahaifina.

Mai ƙirgan tsuntsaye

Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki. Kuna da gaskiya: fadamarku tana buƙatar masu jin zafinta a kusa. Shi ma Baba in ya yi ɗari-ɗari yana da dalili, don babbar ƙungiyar tana da gogaggun masu tace aiki, ku kuwa in ba ku kula ba sai ku koma yabon juna. Ku kafa taku, amma kada ku fita daga waccan.

Laifinki ɗaya: kin yanke masa hukunci ba ki ji ta bakinsa ba. In ya ji a waje, ɓoyewar ce za ta yi masa ciwo, ba ƙungiyar ba. Kuma littattafan nan nasa na shekara talatin, wa ya taɓa buga su? Ina zargin shi ma an taɓa ce masa matsalar yanki ce.

Asabar ɗin nan, bayan ƙidaya, ki ciro takardar ki karanta masa. Ki ƙyale shi ya yi faɗa, ya yi gyara. Layin farko na sa hannu kuwa ku bar shi babu kowa, ki miƙa masa biro, ki ɗora masa yatsa a wurin. Allah ya ƙara masa lafiya, ya tsare muku rabin fadamar da ya rage.