Rogon da Ya Ɗauko Kamannin Surukina

Goggo, don girman Allah ki taimake ni kafin Juma'a, domin ranar ce aka ce in bayyana a Rogo.

Ni mutumin Kwanyawa ne a ƙasar Karaye, manomin gyaɗa. Matata Munawwara 'yar Rogo ce, tana matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli. Manta yana da kyau, amma a tsofaffin gorunan ruwa take zubawa, babu suna babu alama. Sai aminina Badaru, wanda tun muna kiwon awaki muke tare, ya ce akwai manhajar ƙirƙirarriyar basira a wayarsa, kana faɗa mata abin da kake so tana zana maka. Muka zauna a gindin darbejiya. Na ce ya rubuta mata da Hausa: hoton mutumin Rogo yana riƙe da kwalbar man gyaɗa yana murmushi.

Goggo, ashe na'urar ba ta san Rogo gari ba ce. Sai ga saiwar rogo, irin wanda ake dafawa a ci da yaji, da hannuwa da ƙafafu, ya rungume kwalba yana washe baki. Muka yi dariya har Badaru ya ƙware. Da na ga abin ya yi kyau sai na shiga gyara shi. Ni na ce a sa masa hula a karkace, ni na ce a ƙara masa wushirya da ɗan gemu tsili-tsili, ni na ce a sa masa tabarau mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare. Badaru bai yi komai ba illa danna waya, wannan ma da kuskuren rubutu.

Muka buga, muka manna wa goruna. Wallahi mai ya daina kwana. A kasuwar Rogo ba a cewa a ba ni man Munawwara, sai a ba ni na Baba Rogo. 'Yan acaɓa suka mayar da shi sitika a bayan babur, wani mai shayi, Ɗantala, ya zana shi a allonsa, ya cire kwalbar ya ɗora masa kofi.

Nan rigima ta tashi. Badaru ya ce hoton nasa ne tunda a cikin wayarsa aka haife shi, ɗan akuya kuwa na mai akuya ne, ba na mai bunsuru ba. Na ce ni bunsuru? Na tuna masa cewa in ka ari garma ka yi huɗa, gyaɗar ba ta zama ta mai garma. Ɗantala kuma ya aiko mana cewa abin da aljanin waya ya zana kamar ruwan sama ne, kowa ya tara kwanonsa. Muka daina gaisawa da Badaru, har na rantse a gaban jama'a a majalisa cewa Baba Rogo nawa ne daga hula har ƙafa.

To, ranar sunan ɗan ƙanwar matata, wata tsohuwa ta ɗaga gora, ta dubi hoton, ta dubi surukina Malam Abdulmutalib, ta sake duban hoton, sai ta toshe baki da mayafi. Goggo, hular ce, wushiryar ce, har zaren tabaran. Yanzu yara in sun hango shi sai su fara raɗa. Ya aiko cewa mai hoton nan, ko wane ne, ya zo ya same shi bayan sallar Juma'a. Munawwara ta ce in mahaifinta ya yi fushi, ita da kaskonta Rogo za su koma. Na garzaya wurin Badaru na ce na sallama, hoton nasa ne. Ya ce Allah ya kiyaye, shi aron garma kawai ya bayar.

Shekaranjiya so nake a ce nawa ne, yau kuwa roƙonki nake ki duba doka ki ce na Badaru ne, ko na wayar, ko na Ɗantala ma na yarda. Ina son matata, kuma ina jin kunyar tsohon nan kamar in nutse.

Mijin Mai Mai, Kwanyawa

*

Mijin Mai Mai, sannu da wannan hali. Na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba, amma na tausaya maka ma.

Ta fuskar doka, ni ba lauya ba ce, kuma su kansu lauyoyin ba su gama daidaita bakinsu a kan wannan sabon abu ba. Abin da ake yawan dubawa shi ne hannun ɗan Adam a cikin aikin. A wasu ƙasashe an ce abin da na'ura ta zana ita kaɗai ba shi da mai haƙƙin mallaka, don haka maganar Ɗantala ba duka ce shirme ba. Kowace manhaja kuma tana da sharuɗɗanta, waɗanda na tabbata Badaru ya danna ya amince bai karanta ba. Mallakar waya dai ba ta mayar da mutum mai zane, ko da yake Badaru ya cancanci godiya, ba gaba ba.

Saura kai. Saiwar rogon kuskuren na'ura ce, na yarda. Amma na'urar nan ba ta taɓa zuwa gaishe da Malam Abdulmutalib ba. Wa ya ce a karkata hula? Wa ya san zancen zaren tabarau? Hujjar da ka kafa a majalisa don ka ƙwace hoton, ita ce ta kama ka. Ba na cewa da gangan ka yi. Mutumin Rogo da ka fi gani a ranka shi ne ya fito. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ka fara da Badaru. Ku shirya, ya raka ka, tunda ya iya dariya har ya ƙware, ya iya durƙuso ma. Ka riƙi goro da galan ɗin mai, ka faɗa wa tsohon yadda aka yi tun daga gindin darbejiya, kar ka ɗora wa waya laifi, waya ba ta da suruki. Ka bar masa zaɓi. In ya ce a cire hoton, a cire a ranar, ka bi Ɗantala da 'yan acaɓa da lalama. In kuwa ya ce a bar shi, to ka san fuska tasa ce, kuma mai bai kamata ya yanke a gidansa ba. Sannan ka tambayi Munawwara, domin duk cikinku masu faɗan mallaka babu wanda ya matsi gyaɗa ko ƙwaya ɗaya. Ku nemi mai zane na gaske ya yi mata tambari da sunanta, ku tambayi lauya yadda ake rajistarsa.

In kuma za ka sake tambayar na'ura, ka rubuta garin Rogo, ka bar gemun kowa a fuskarsa. Allah ya sanyaya zuciyar Malam, ya bar maka matarka da kaskonta a Kwanyawa.

Goggonku