Irin da Yaya Sule ya ɗaure

Daren Laraba, ƙarshen bazara, har yau babu hadari.

Rumbu ba ko ƙwaya. Inna ta ce in sauko da damin irin geron da ke rataye a zaure, a daka wa yara. Na hau, na taɓa igiyar, na kasa kwancewa. Ƙullin Yaya Sule ne.

Da kaka, ciwon hanta ya kumbura masa ciki, amma yana kwance yana zaɓar zangarniya ɗaya-ɗaya. Na yi masa faɗa ya huta. Ya yi dariya: "Habu, ku za ku shuka. Allah zai kawo ruwa." Bai ƙara wata ba.

Na sauko hannu wofi. Inna ta dube ni, ta ɗora ganyen tafasa. Autata ta yi barci tana kuka.

Allah ka jiƙan Yaya, ka kawo ruwan nan. Shi bai taɓa shakka ba. Ni nake yi.