Jana'izar Ɓauren Baba

Yaya Nunzia,

Gaisuwar girma daga Chicago. Yaya Mama da gwiwarta?

A sanar da Sicily baki ɗayanta: reshen ɓauren marigayi Baba ya rayu! Da sanyi ya ƙarato, don kada ƙanƙara ta kashe shi, na kwantar da shi a rami, na lulluɓa masa bargona, na binne. Maƙwabcina Kazimir ya leƙo ta katanga: "Gaspare, wa ya rasu? In kawo furanni?"

Bargon ke nan gare ni, amma tarin ya kusa sakina. Kada Mama ta ji.

Da ƙanƙara ta narke na tono shi, ga shi yau da 'ya'ya uku. Kazimir ya ɗanɗana ɗaya, ya cire hularsa.

Allah ya tsare ku. Ki aiko barguna biyu.

Ƙaninki,
Gaspare