Sandar Ƙaya a Bangon Littafi

Auta,

Ina gaishe ki da mutanen gidanki, da fatan tarin yaron ya yi sauƙi.

An gama zanen bangon littafinki, Manaja ya sa hannu, ranar Litinin za a kai maɗaba'a. Ga kwafi na haɗo miki. Kafin ki yi ihu, ki ji yadda aka yi. A kamfaninmu babi na farko kawai ake ba mai zane. A babin nan jarumarki Ƙaya ƙafafunta lafiya lau, shi ya sa ya zana ta tana tsallake rufin gidaje da wuƙa a hannu. Bai san injin masaƙa ya murƙushe mata ƙafa a babi na uku ba, balle ya san da sanda ta ƙarasa littafin. Manaja ya sani, amma ya ce 'yan mata jaruma mai gudu suke saya.

Ni edita ce, aikina cikin littafi ne. Bango na masu talla ne.

Ki huta lafiya.
Yayarki

*

Yaya,

Gaisuwa ta ladabi, ki riƙe ta da kyau, don abin da ke biye ba na ladabi ba ne.

Na yi ihun. Har maƙwabciyata ta leƙo ta taga tana tambayar wa ya rasu.

Ke kika gyara littafin nan layi-layi, kin san labarin wani birni ne da ke jefa duk wanda ba ya iya aiki bayan katanga. Ƙaya ta ƙi fita, ta dogara sandarta ta tsaya gaban mahukunta. Yanzu kamfaninku ya yi mata abin da su suka kasa, ya kore ta daga bangon littafinta, ya sa wata 'yar tsere.

Kuma ke, Yaya! Ke da kike hawa benen ofishin nan da sanda kullum? Ina ƙarama ina bin ki makaranta da jakarki, kina cewa in daina kallon ƙafarki in kalli hanya. Daga ina kike zaton na samo Ƙaya?

In babu sanda a bango, ku cire sunana. Da gaske nake.

Ƙanwarki da ba ta huce ba,
Auta

*

Auta,

Gaisuwarki ta iso, na riƙe ta.

Na san daga inda kika samo ta tun shafin da ta zagi likita. Amma kada ki sake sa ƙafata cikin gardamar aiki. Ba na son Manaja ya canja bango don yana jin tausayina, gobe ya tuna min.

Duk da haka maganarki ta korar Ƙaya gaskiya ce, kuma gyaran kuskure aikina ne ko a wane shafi yake. Na roƙi a ɗaga ranar bugu. Na ba mai zane littafin duka. Ya dawo da wata yarinya jingine da bango, ido ya yi rau-rau, kamar mai jiran sadaka, ga sandar a ɓangaren ƙafar da ta lalace. Na ce masa babu mai riƙe sanda haka sai wanda ke neman faɗuwa, a ɓangaren ƙafa mai lafiya ake riƙewa. Bai gane ba, sai na sa shi ya biyo ni daga ƙofar shiga har hawa na sama yana kallo. Shi ya fara haki. Zane na uku ya yi: tana hawa matakalar katanga, haɓa a sama, masu gadi na ja da baya.

Manaja bai yarda ba, bai ƙi ba. Mun shirya za a ajiye bangunan biyu a teburin wani kantin littattafai da yamma, lokacin da 'yan makaranta ke shigowa. Wanda suka fi ɗauka shi za a buga. In 'yar tseren ta ci, sunanki zai zauna, ba ƙorafi. Na amsa da yawunki.

Ki gai da mijinki.
Yayarki

*

Yaya,

Barka da aiki, sarauniyar yanke hukunci.

Kin sa 'yata Ƙaya a caca ba ki tambaye ni ba! To na yarda, don na san yaran nan, ajinsu nake koyarwa. Sun gaji da jarumar da ko tuntuɓe ba ta yi.

Sharaɗi ɗaya: kada ki je kantin. In suka gan ki tsaye da sandarki za su zaɓa don kunya, ni kuwa ba na son nasarar kunya. Manaja ya je da kansa, ya gani da idonsa.

Allah ya ƙara wa mai zane numfashi.
Auta

*

Auta,

Ina gaisuwa.

Ban je ba, Manaja ya je. Ya ce mai sandar aka fi ɗauka, da tazara. Wata yarinya ta tambaye shi ko sandar ta tafiya ce ko ta duka, ya ce mata bai sani ba, don taƙaitawar littafin mai shafi ɗaya kawai ya taɓa karantawa. Ya tafi da littafin gida.

Ya buga wa maɗaba'a waya su jira sabon bango. Har yanzu bai sa hannu ba.

Yayarki