Ɗakin da Ba a Ƙirga Ba

Zuwa ga Yayana Usmanu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina roƙon Allah Ya haskaka makwancinka, Ya haɗa ka da Baba da Inna cikin rahama. Na san wannan takarda ba za ta iso gare ka ba. Ko da kana raye ma ba kai za ka karanta ta ba, sai dai ka miƙo mini, ka zauna kana kallon bakina ko zan tsallake wani layi. Yau babu layin da zan tsallake.

Shekara huɗu ke nan da muka kai ka. Mutanen da suka watse lokacin tashin hankali yawancinsu sun dawo, wasu kuma mun ji labarinsu ne kawai. Ruwa ya dawo cikin magudanar gona, ko da yake ba kamar da ba. 'Yarka Hadiza tana nan a ɗakunanka biyu da 'ya'yanta tun rasuwar mijinta, ita ke ba ni abinci, ita ke yi mini faɗa in na ƙi ci. Ɗanka Bashir yana garin Sinja. An kwashe masa kayan shago gaba ɗaya, kuma har yanzu bai tsaya da ƙafarsa ba. Abokinka Malam Sani yana raye, sai dai kunne ya tafi, in yana gaishe ka daga ƙofar masallaci ana jinsa a bakin kogi. Ni kuma gwiwa ta ƙi, ido ɗaya ya yi hazo. Da rana nake wannan rubutu, a ƙarƙashin rumfa, ina hutawa bayan kowane 'yan layuka.

Yaya, ka tuna yadda kake alfahari cewa mai karɓar harajin gida bai taɓa tsayawa a ƙofarmu ba? Kana cewa albarkar Baba ce ta rufe masa ido. Kakan faɗi haka a majalisa, mutane su jinjina kai, ni kuma in sunkuyar da nawa. Ba albarkar Baba ce ta hana shi zuwa ba. Ni ne nake riga shi. Kowace shekara, da an biya mu albashi a ofishin awon auduga na Suki, sai in bi ta ofishin haraji in biya awayid, wato harajin gidanmu, in karɓi rasit in naɗe. Mai karɓa ba ya zuwa ƙofar wanda ya riga ya biya. Shekara arba'in da wani abu ina wannan, ban taɓa gaya maka ba.

Ka san dalili. Baba ya taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa da niyyar Makka, ya tsaya nan tsinkar auduga don ya tara guzuri, guzurin bai taɓa cika ba har ya kwanta. Abin da ya bar mana shi ne wannan fili da magana ɗaya: mu matafiya ne, kada mu sa sunanmu a takardar ƙasa, kada mu yi ginin jan bulo, don wanda ya yi haka ya kwance niyyarsa. Kai ka riƙe maganar da hannu biyu. Ranar da aka haɗa ƙauyenmu da majalisar gari, lajna, wato kwamitin hukuma, ta fito ƙirgar gidaje, sai ka ɗauki fartanya ka tafi gona, ka ce a gaya musu baƙi ne a nan. Lambar da suka shafa mana a bango da fenti, da ka dawo ka kwaɓa laka ka rufe ta.

Ni kuwa na yi makaranta, na zauna a ofis, na ga yadda hukuma take kallon filin da ba shi cikin littafi: kamar fili ne da babu kowa a kansa. Tsoro ya kama ni. Washegari na saka farar rigata na je na same su, na ce na zo a rubuta gidanmu. A wurin nan na yi abu biyu da nake so ka sani.

Da magatakarda ya tambayi sunan mai gida, sai na ba shi naka kai kaɗai. Ya ma tambaye ni ko akwai wani mai rabo, na ce babu. Ta yaya zan jera sunana kusa da naka kana raye? Ni da ban taɓa zama a tabarma ɗaya da kai ba sai ka ce in zauna? A raina gida na babba ne, ƙane yana ciki ne kawai, kuma kowa a ƙauye ya san mu biyu Baba ya bari. Ban yi tunanin wata rana waɗanda suka sani za su ƙare ba.

Na biyun ya fi ba ni kunya. Harajin gida ana yanka shi ne bisa abin da ke cikin gidan: yawan ɗakuna, da abin da aka gina su da shi, da ko gidan yana kallon babbar hanya, da ko akwai shago a jikinsa. Na san wannan sarai. Na lissafa masa ɗakunan ƙasa uku, naka biyu da na Inna. Da aka zo kan nawa, ɗakin jinka na can kusurwa inda na kawo Rakiya amarya, inda muka yi jinyar 'ya'yanmu biyu da ba su rayu ba, sai na ce masa wannan na awaki ne. Ɗakin dabba ba a ƙirga shi. Na rage 'yan kuɗin da ba su kai na shayin wata guda ba, na fito ina jin na yi wayo irin na 'yan boko.

To, bana lajna ta sake fitowa. Za a sake kimanta gidaje, kuma wannan karon har da masu awon ƙasa, don za a shigar da filayen ƙauye cikin babban littafin mallaka. Suka zo da tsohon littafinsu, gefensa duk ya ci, suka zauna a rumfar shehun ƙauye suna kiran suna. Bashir ya zo daga Sinja yana fargabar a ce gidanmu ba shi da asali. Sai ga shi an kira Usmanu ɗan Abdu, ɗaki uku da ɗakin awaki, ba a binsa ko shekara ɗaya. Wani ya ce ashe marigayi yana yi a ɓoye. Wani ya ce waliyyi ne, an rubuta masa ba da saninsa ba. Ina zaune a kan kujerata ina jin su.

Bayan kwana uku Bashir ya dawo da wani mutum mai mota, suna zagaya gidan suna auna bango da taku. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya kira ni ammi, ka san bakinsa ya fi sabawa da Larabci, Baffa ta yi masa nauyi. Ya ce gida tunda na mahaifinsu ne shi da Hadiza, gara a sayar a raba, ya tayar da shagonsa, ni kuma ya sama mini ɗaki a wurinsa a gari, kusa da asibiti. Yana faɗa yana kallon ƙasa. Na ga ramar da ya yi, na ga takalminsa. Ba mugunta ce ta kawo shi ba, Yaya, matsi ne. Hadiza tana bayan zana tana jin komai, na ji ta ajiye tukunya da ƙarfi.

Ni ina zan je? Bene a Sinja, inda ban san liman ba, ban san wanda zai wanke ni ba? Kabarin Rakiya yana nan, naka yana nan. Kuma kason Hadiza a kuɗin ba zai saya mata ko ɗaki ɗaya ba.

Na sa aka ɗora ni a keken jaki zuwa wurin shugaban lajnar, wani dattijo mai haƙuri. Na tambaye shi kamar ina tambaya don wani. Shi ya fahimtar da ni abin da ban gane ba duk da karatuna. Ya ce littafi biyu ne, kada in haɗa su. Littafin haraji yana faɗin abin da ke cikin gida da wanda ake nema ya biya. Littafin ƙasa shi ke faɗin mai fili. Rasit ba takardar mallaka ba ce, amma a ƙauye irin namu da ba a taɓa yin awo ba, ita ce hujja mafi tsufa, don haka sunan da ke littafin haraji shi za su ɗauka su kai littafin ƙasa, sai fa in wani ya kawo ƙorafi kafin wa'adi ya cika, da shaidu, da sa hannun shehun ƙauye. Ya ce haka ma wanda yake ganin an yi kuskure a ƙirgar ɗakunansa yana da damar neman a sake dubawa. Sannan ya kalle ni ta saman tabarau, ya ce in gaya wa wancan mutumin da nake tambaya dominsa saura kwana tara.

Kwana bakwai na yi ina juya abin. In na yi shiru, sunanka ya tsira a bakin mutane ko ta wace fuska, ni kuma in tattara tabarmata. In na yi magana, zan tsaya gaban ƙauye in ce na saɓa wa Baba, na yaudare ka tsawon rayuwarka, na kuma yi wa hukuma ƙarya don 'yan kuɗi kaɗan. Tsoho mai shekara tamanin da ake kira Malam Haruna mai alƙalami. Wane ne zai so haka?

A rana ta takwas na buɗe akwatin ƙarfe na ciro rasit ɗin duka, na ɗaure su da zare, na rubuta ƙorafi da hannuna. Abu biyu na nema: a sa sunana a matsayin magajin Abdu tare da kai, kuma a ƙirga ɗakina a cikin ɗakunan mutane. Magatakardan ya karanta sau biyu. Ya ce tun da ya fara aiki mutane ke zuwa kuka a rage musu, bai taɓa ganin wanda ya zo da sanda yana roƙon a ƙara masa ba.

Suka zo duba ɗakin da hantsi, rabin ƙauye na biye da su. Na faɗi komai a tsaye, Hadiza na riƙe da gwiwar hannuna. Aka nemi shaida, aka kawo Malam Sani, aka yi ta yi masa ihu a kunne har ya gane abin da ake tambaya. Sai ya daka tsawa ya ce shekara hamsin yana shiga ɗakin nan shan shayi, bai taɓa tarar da akuya tana karanta jarida ba. Ya ce da idonsa ya ga Abdu ya ja layin filin nan da ƙafa, kuma 'ya'ya biyu ya bari, in akwai mai musu ya fito. Mutane suka yi dariya, har shugaban lajna. Ni ban iya yi ba, don ina kallon Bashir.

Bai yi dariya ba. Ya jira aka watse, sannan ya ce mini na bar ubansa ya shiga kabari yana alfahari da abin da ba gaskiya ba, yanzu kuma na fito da takardu ranar da suka yi mini amfani. Me zan ce? Akwai ƙarya a cikin maganarsa? Hadiza ta dangwala yatsa a takardar amincewa da gyaran, shi ya ƙi sa hannu, ya hau mota ko ruwa bai sha ba.

Shekaranjiya sabuwar takarda ta iso. Ɗaki huɗu. Magadan Abdu: Usmanu da Haruna. Harajin ya ƙaru kaɗan, na kuma ce a lissafa mini abin da na rage a baya, suka ce babu hanyar karɓarsa, don haka na ba masallaci. Yanzu ba a iya sayar da gidan sai da yardata, ni kuwa ba zan yarda ba.

Abin da nake so ka gane, kuma nake so Bashir ya gane in ya huce, shi ne ban ƙwace masa komai ba. Ba ni da ɗa. Ranar da na rufe ido shi ne magajina, rabona hannunsa zai koma. Jinkiri kawai na nema, kuma dubi jikina, wane irin dogon jinkiri ne zai kasance? Na aika masa da wannan magana ta bakin shehun ƙauye. Har yau bai amsa ba. Ko na ɓata tsakanina da ɗanka har abada? Ko da kana nan za ka ce in bar masa in bi shi gari? Na yi ta tambayar kaina, wani lokaci in ji kamar za ka yi fushi, wani lokaci in ji kamar za ka yi dariyar nan taka da ba ta fita sai ta hanci.

Ka yafe mini, Yaya. Ka yafe mini biyan da na yi a ɓoye, da shirun da na yi kana yabon abin da na san ba haka yake ba. In ka ga Baba ka gaya masa tsoro ne ya sa ni, ba raini ba.

Hadari ya fara haɗuwa ta kudu. Damina biyu ke nan ɗakina yana yoyo daidai kan gado, Hadiza tana ta magana, ni ina cewa a bari, don ban ga amfanin gyara wurin da ban tabbata za a bar ni a ciki ba. Yau da safe na aika a yanko ciyawa. Gobe in Allah Ya kai mu masu jinka za su hau.

Sai mun sadu. Allah Ya jiƙanka, Ya sa namu ya yi kyau.

Ƙanenka,
Haruna ɗan Abdu